Zana Miƙaƙƙen Layi da Mahaɗar x da y: Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini

Na daɗe ina koyar da lissafi a cikin birnin Kano, da safe a makaranta, bayan la'asar kuma lesin a zauren gidanmu da ke Gwale. Duk shekara idan WAEC da NECO suka ƙarato, tambayoyin nan ne dai ake dawo mini da su, wani ya yi yau, gobe abokinsa ya sake yi. Na amsa su a nan gaba ɗaya. Ku samu fensir da rula ku bi ni, kada ku karanta a kwance.

Malam, mece ce mahaɗar x, mece ce mahaɗar y?

Mahaɗar x ita ce wurin da layinka ya ratsa layin x, wato na kwance. Mahaɗar y kuma wurin da ya ratsa layin y, na tsaye.

Yaya ake nemo su?

Kana neman mahaɗar x, sa sifili a madadin y. Kana neman mahaɗar y, sa sifili a madadin x. Ga 2x + 3y = 12. Idan y sifili ce, saura 2x = 12, x ta zama 6, ɗigonka (6, 0). Idan x sifili ce, saura 3y = 12, y ta zama 4, ɗigonka (0, 4). Ka ɗiga su, ka aza rula, ka ja layi.

Me ya sa ina neman x amma y nake mayarwa sifili?

Wannan tambayar ina sonta, domin mai yinta ya fara tunani. A ce Hajiya ta ba ka naira 12,000 ta aike ka Dawanau. A ce kwanon masara 2,000 ne, na shinkafa 3,000. Yawan kwanukan masara shi ne x, na shinkafa y. Kuɗinka ke nan 2,000x + 3,000y = 12,000, ka raba ko'ina da dubu, ka dawo kan 2x + 3y = 12 ɗin ɗazu. Ka ƙi sayen shinkafa ko ƙwaya, masara nawa za ka auno? Kwano shida. Ka ƙi sayen masara fa? Shinkafa kwano huɗu. To duk wanda ke tsaye a kan layin kwance bai hau sama ba, bai sauka ƙasa ba, y ɗinsa sifili ce, kamar kai da ka dawo babu shinkafa. Duk sauran hanyoyin da za ka iya raba kuɗin nan har su ƙare suna kan layin da ya haɗa ɗigon nan biyu. Masara uku da shinkafa biyu, 6,000 da 6,000, ga (3, 2) a tsakiyar layin.

Na samu x = 6, na rubuta (0, 6). Laifi ne?

Laifi ne babba. x ce a gaba, y a baya, kullum. (0, 6) wani wuri ne dabam, can sama a kan layin tsaye. Na sha ganin yaro ya yi lissafinsa daidai ya zubar da makinsa a nan, kuma yana ƙona mini rai.

Ɗigo biyu sun isa?

Sun isa, miƙaƙƙen layi ɗaya ne tak ke bi ta kan ɗigo biyu. Amma ka nemo na uku. Idan ka yi kuskure a ɗaya daga cikin biyun, rula ba za ta faɗa maka ba, za ta haɗa su ne kawai. Na ukun ne zai ƙi hawa layi ya tona asirin kuskuren.

Idan akwai alamar ɗebewa fa?

A nan kuke faɗuwa, saboda gaggawa. Ɗauki 3x − 4y = 12. Mahaɗar x ba matsala, 3x = 12, x = 4. Amma idan x ta zama sifili, abin da ya rage −4y = 12 ne, ba 4y = 12 ba. Alamar tana manne da huɗun, ba ta tafi ko'ina ba. Saboda haka y = −3, ɗigon yana ƙasa da cibiya, wato inda layin x da layin y suka gamu, da gida uku. Ka rubuta layin nan na tsakiya da hannunka, ka daina tsallake shi da ka.

Zan iya amfani da biro?

A'a. Fensir mai tsini. Kuma rula ta gaske, ba gefen littafi ko katin waya ba.

Malam, na bi duk yadda ka ce amma wani lissafin ya ƙi. Ko dai hanyar ba ta aiki a ko'ina?

To, ɗana, zauna, wannan ba ta gajeriyar amsa ba ce. Hanyar ba ta ƙarya, amma akwai inda ba ta wadatar da kai, kuma sanin wuraren nan ya fi haddace dokar muhimmanci a wurina.

Wanda kuka fi kawo mini shi ne irin y = 2x. Ka sa x sifili, y ta ba ka sifili. Ka sa y sifili, x ta ba ka sifili. Sai yaro ya zo ya ce lissafin ya lalace. Bai lalace ba. Layin ya bi ta cibiya ne, (0, 0), mahaɗun biyu suka haɗe wuri guda, ka tashi da ɗigo ɗaya. Ka zaɓi wata x da kanka, a ce 3, y ta zama 6, ka samu na biyu. Tun kafin ka fara za ka iya ganewa: idan babu lambar da ke zaune ita kaɗai ba harafi, ta cibiya layin zai bi.

Akwai kuma irin y = 4 ko x = −2, masu harafi ɗaya. y = 4 layi ne kwance da ya ratsa layin tsaye a kan 4, har abada ba zai taɓa layin x ba, don haka kada ka ɓata lokacin neman mahaɗar da babu ita. x = −2 kuma a tsaye yake. Da yawanku kuna juya su, kuna ganin tunda an ce x to kwance ne. Ka tambayi kanka, ina ne duk wuraren da x take −2? (−2, 0), (−2, 1), (−2, 5), suna hawa sama ne a jere.

Inda abin ke buƙatar hankali sosai shi ne idan mahaɗun suka fito da ɓari-ɓari. Duba 3x + 7y = 10. Mahaɗar x uku da sulusi ce, kusan 3.33, mahaɗar y kuma goma bisa bakwai, kusan 1.43. Za a iya ɗiga su? Ya danganta da sikel ɗinka. A takardar giraf da aka saba, babban gida santimita 2 ne, an raba shi ƙananan gidaje goma. Idan an ce santimita 2 ya tsaya a madadin 1, kowane ƙaramin gida 0.1 ne, sai ka ƙirga goma sha huɗu ka ɗan gota kaɗan don 1.43. Zai yi kusa, amma kintace ne. Ni dai idan na ga haka, nakan duba ko akwai cikakkun lambobi da suka dace. A nan x = 1, y = 1 sun ba da 3 + 7 = 10. Haka (8, −2), 24 − 14 = 10. Sai in ja layina da waɗannan, mahaɗun su zama abin gwaji: layin ya ratsa tsakanin 3.3 da 3.4? To na yi daidai. Sai dai ba kowane lissafi ke da irin wannan sauƙin ba, kuma kada ka zauna minti goma a ɗakin jarrabawa kana farautar cikakkiyar lamba. Ka gwada biyu ko uku, in ba ta fito ba, koma kan ɓari-ɓarin ka ɗiga a tsanake.

Wani lokaci kuma mahaɗun suna matse da juna. 5x + 4y = 1 zai ba ka 0.2 da 0.25, duka a gindin cibiya, tazararsu ba ta kai faɗin farcenka ba. Rula ta ɗan karkace kaɗan a nan, kafin layin ya kai bakin takarda ya kauce da gidaje da dama. Ka nemi ɗigo mai nisa, kamar x = 5, wanda zai ba ka y = −6. Akasin haka ma na faruwa: y = 2x + 50 mahaɗarsa ta x tana −25, wataƙila ma ba ta cikin takardarka.

Sannan ga abin da ya fi duka a jarrabawa. Idan an ba ka tebur an ce ka cike shi, an ba ka sikel, an ce x ta tashi daga −3 zuwa 4, umarnin za ka bi. Ba ka da ikon canza sikel don mahaɗarka ta shiga takarda. Inda na ga hanyar mahaɗa ta fi ceton ɗalibi shi ne tambayar da ake cewa ka zana lanƙwasasshen layi na x², sannan a ce ka ƙara miƙaƙƙe a kan takardar ɗaya don a ga inda suka gamu. A nan, in mahaɗun sun faɗo cikin takarda kuma cikakku ne, minti ɗaya ya ishe ka. In ba su faɗo ba, ɗauki x biyu masu nisa da juna daga cikin tazarar da aka ba ka.

An ba ni y = 2x − 6, sai na juya shi tukuna?

Ba sai ka juya ba. Mahaɗar y ga ta a fili, −6. Sa y sifili, 2x = 6, x = 3.

Ni fa lissafi ba ya shiga kaina, Malam. Anya zan iya?

Za ki iya, 'yata. Akwai wata ɗaliba da na koyar, mahaifiyarta na sayar da atamfa a gida, ɗalibar ce ke saro mata a Kantin Kwari. Da ka take lissafin turmi nawa na wannan da nawa na wancan kuɗin hannunta za su saya, ba ta kuskure, amma da ta ga x da y sai hannunta ya hau rawa. Ranar da na rubuta mata sarin nata a allo da haruffa, ta yi shiru tana kallo, sai ta ce, "Malam, ashe wannan ne?" Abin da kike yi a kasuwa ne aka sa wa haruffa. Ki yi guda biyar kullum na mako ɗaya ki kawo mini in duba.

Wa ya ƙirƙiro wannan abu ne ma?

Kalmar aljabra, wato wannan lissafi da haruffa, daga littafin Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 Miladiyya. Haɗa lissafin da zane kuma ana jingina shi ga Bafaranshen nan Rene Dekat, a aikinsa na 1637. Ba za a tambaye ka wannan a WAEC ba, amma ka sani.

Waya na zana mini a manhajar GeoGebra, me zai sa in wahala?

Ka zana da hannu tukuna, sannan ka duba a waya ko kun dace. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya.

A ina zan tsayar da layin?

Kada ka tsaya a kan ɗigon biyu. Ka zarce ta kowane gefe har iyakar tazarar da aka ba ka, ka rubuta lissafin a jikin layin, ka sa x da y a bakin layukansu, ka rubuta sikel a saman takarda. Yanzu ku gwada 4x − 5y = 20, da y = −3x, da 2x + 5y = 9, ku kawo mini ranar Asabar bayan la'asar, kowanne da ɗigonsa na uku.