Ba Kowace Sarƙewar Numfashi Ce Asma Ba

Da zarar numfashin matashi ya sarƙe, sai a ce ai asma ce, a miƙo masa abin shaƙa a zauna jira. Asma na yin haka, amma ba ita kaɗai ba.

Huhu kan huje haka siddan, iska ta taru tsakaninsa da haƙarƙari ta matse shi. An fi ganin wannan ga dogayen samari sirara, musamman mashaya taba, kuma yakan zo da suka a gefe ɗaya na ƙirji. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gudan jinin da ke daskarewa a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya toshe hanyar jini a huhu. Doguwar tafiya a zaune, tiyata, jego da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estrojin duk suna ƙara haɗarinsa. Abin shaƙa ba ya maganin ko ɗaya.

Akwai kuma namoniya, da kumburin tsokar zuciya bayan mura, da rikicin ƙirji ga masu sikila. In leɓe ya sauya launi, ko magana ta gagara, ko aka yi tarin jini, sai asibiti nan take.