Mugun zafin jiki na maganin barcin tiyata da gano shi ta ƙwayoyin gado

Mugun zafin jiki na maganin barci larura ce ta gado wadda ke ɓoye a tsokar mutum, galibi ba ta fitowa sai ran da aka ba shi wasu magungunan sa barci don a yi masa tiyata. Likitocin Nijar, da yake da Faransanci suka yi karatu, suna kiranta hyperthermie maligne. Magungunan da ke tayar da ita su ne na shaƙa, irin su halotan, isofluran da sebofluran, sai kuma allurar sassauta tsoka mai suna suksinilkolin. Ƙiyasin yawan aukuwarta ya bambanta ƙwarai, daga sau 1 cikin tiyata 10,000 zuwa sau 1 cikin 250,000.

Tarihi

A shekarar 1960 aka kai wani saurayi ɗan shekara 21 asibiti a birnin Melbon na Ostireliya da karayar ƙafa. Tsoron maganin barci ya fi damunsa a kan karayar, domin mutum 10 daga danginsa sun mutu bayan an sa su barci. An guji maganin da ake zargi, wato ether, aka ba shi halotan wanda yake sabo a lokacin. Ba a jima ba jikinsa ya ɗau zafi, zuciyarsa ta shiga bugawa da sauri. Aka tsayar da maganin, aka lulluɓe shi da ƙanƙara, ya rayu. Likita Michael Denborough ne ya bi salsalar gidan ya nuna cewa abin gado ne, kuma labarin da dangi suka riƙe a baki shi ya buɗe hanyar ilimin gaba ɗaya.

Daga nan bincike ya koma kan aladu, domin wasu irinsu na da cuta mai kama da wannan. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, Gaisford Harrison ya nuna a 1975 cewa maganin dantrolen yana kwantar da rikicin a jikinsu, kuma Amurka ta amince da allurarsa ga mutane a 1979. Kafin zuwansa ana rasa wajen kashi 70 cikin 100 na waɗanda abin ya kama. Inda ake da shi a kusa, adadin ya sauko ƙasa da kashi 10. Tun farkon shekarun 1970 kuma aka soma gwajin tsoka: a yanko ɗan nama daga cinya, a sa shi cikin kafeyin da halotan a ga yadda yake ɗaurewa.

Yadda take aiki

Cikin tsoka akwai ma'ajiyar sinadarin kalsiyam mai ƙofa. Ga mai larurar, maganin barci kan bar ƙofar a buɗe, kalsiyam ya malala, tsoka ta yi ta aiki ba hutu. Iskar da majiyyaci ke fitarwa kan cika da kabon, muƙamuƙi ya ƙage, fitsari ya yi duhu. Zafin jikin da aka sa wa cutar sunansa sau da yawa a baya yake zuwa.

Binciken ƙwayoyin gado

A 1990 masu bincike a Toronto ta Kanada da Kok ta Ailan suka danganta larurar da ƙwayar gado mai suna RYR1, a kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 19, wadda ita ce ke tsara waccan ƙofa ta ma'ajiyar kalsiyam. Ƙwaya ce babba, mai sassa 106, shi ya sa a da ake karanta wurare kaɗan kawai daga cikinta. Sababbin injunan karanta DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, sun sa ana bin ta daga farko har ƙarshe da ɗan jinin da aka ɗiba a hannu. A 1997 aka ƙara gano wata ƙwayar gado mai alaƙa da larurar, CACNA1S, daga baya kuma STAC3.

An samu ɗaruruwan sauye-sauye a RYR1, amma kaɗan ne aka tabbatar suna haddasa cutar. Idan an ga tabbataccen sauyi, an gama magana: mutumin yana da larurar, kuma za a iya neman sauyin nan a jinin ƴaƴansa da ƴan'uwansa. Idan ba a gani ba, ba a wanke shi ba, domin akwai gidaje da dama da gwajin tsoka ya kama amma ba a samu komai a ƙwayoyinsu ba. Masana sun saɓa kan yadda za a ɗauki sauyin da ba a san ma'anarsa ba.

A Damagaram

Gwajin tsoka yana bukatar ɗanyen nama cikin sa'o'i kaɗan, kuma yawancin cibiyoyinsa suna Turai da Arewacin Amurka. Jini kuwa yana jure tafiya, ko daga Zinder da ke da nisan kilomita wajen 900 daga Yamai, kuma nan ne amfanin sabuwar hanyar yake ga wuri mai nisa. Sai dai jerin sauye-sauyen da aka tabbatar galibi daga gidajen Turawa aka tattara shi, don haka sakamakon ɗan Afirka ya fi yiwuwa ya fito babu tabbas.

Larurar ta bambanta da sikila da mutane suka fi sani. A mafi yawan gidaje, uba kaɗai ko uwa kaɗai ya isa ya gadar da ita, kowane ɗa da rabin yiwuwar ɗauka, ko da babu auren zumunta. Mutum kuma yana iya shan maganin barci sau biyu lafiya, a na uku ta taso. A garin da zazzaɓin cizon sauro da zafin bazara suka zama jiki, abu ne mai sauƙi a ɗora musu laifin zafin da ya taso a ɗakin tiyata, dangi su ce kwana ne ya ƙare, labarin ya tsaya a zauren ta'aziyya. Ya kamata ya kai kunnen mai ba da maganin barci, a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ko wani wuri, domin akwai abin da zai canza: allurar kashe rabin jiki ta baya, ketamin da furofofol duk ba sa tayar da cutar.

Magani

A tsayar da maganin shaƙa nan take, a ba da iskar oksijin zalla, a sanyaya jiki, a fara dantrolen a kan miligiram 2.5 ga kowane kilo na nauyin majiyyaci.