Hafsoshin Suwidin sojan fareti ne kawai?

An daɗe ana cewa tunda Suwidin rabonta da yaƙi tun 1814, manyan hafsoshinta ba su san komai ba sai fareti. Maganar ba daga sama ta faɗo ba, don ko yaƙe-yaƙen duniya biyu ƙasar ba ta shiga ba.

Sai dai tsakanin 1960 da 1964 dubban sojojin Suwidin sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, inda sojojin Najeriya ma suka je. A 1961 har artabu sojojin Suwidin suka yi a lardin Katanga na Kwango, kuma wasunsu can suka rasa rayukansu.

Mai son tantancewa ya duba tarihin aikin hafsa: bataliyar da ya jagoranta, da ƙasashen da aka tura shi, da shekarun. Don Allah a tura wa wasu.