Me ake nufi da mujallar sana'a ta malamai?

Kalmar mujalla daga Larabci muka aro ta, kuma a bakin jama'a duk wani ɗan littafi mai bango mai ƙyalli da ke fitowa wata-wata mujalla ce. Amma da zarar an ce mujallar sana'a, to an ware masu karatu ke nan, don ma'abota aiki guda ake buga ta. Likitoci na da tasu, lauyoyi ma haka. Ta malamai ita ce wadda mai riƙe da alli zai buɗe ranar Lahadi, ya samu abin da zai shiga aji da shi Litinin da safe.

A nan ta sha bamban da jarida. Jarida ce ta kawo labarin jarrabawar gwaji da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, inda sama da dubu 21 suka faɗi. Mujallar sana'a kuwa damuwarta daban: yaya malama a Rigasa, da aji cike maƙil, za ta koyar da haɗa baƙi da wasali ba tare da na baya sun yi barci ba? Yaya ake tsara darasi? Me sabuwar manhaja ta canza? Ta ina ake bi a samu lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993?

Ana kuma rikita ta da mujallar bincike, wadda malaman jami'a ke rububin saka maƙala a ciki saboda ƙarin girma. Waccan masana ke rubuta wa masana, kuma, a faɗi gaskiya, da yawa ƙura suke sha a kan kanta.

Dabarar kai wa malami ilimi har inda yake ba baƙuwa ba ce a nan Kaduna. Don haka aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Rigachikun a hanyar Zariya, a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a faɗin Najeriya: malami na bakin aikinsa, darasi na iske shi a rubuce.

Yanzu rukunonin WhatsApp na malamai sun karɓe rabin wannan aiki, da sauri kuma a kyauta. Sai dai babu edita a can. Jadawalin manhajar da aka daina aiki da ita sai ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, kowa na turawa da "a taimaka a yaɗa".