Waƙoƙin coci na zamanin Barok: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tambayoyin nan sun yi ta zuwa har na haddace su. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mene ne Barok ɗin?

Zamani ne a tarihin kiɗan Turai, daga wajajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach ya rasu. Manyan masu tsara kiɗan zamanin su ne Monteverdi da Vivaldi a Italiya, Schütz da Bach a Jamus, Charpentier a Faransa, Purcell da Handel a Ingila. Shi ke nan.

Akwai faifan da aka ɗauka Bach yana raye?

Babu. Sai a 1877 Edison ya ƙera na'urar ɗaukar sauti. Takarda da tawada kawai Bach ya bari, saboda haka duk abin da ka ji a faifai fahimtar wani ce.

Mai siririyar muryar nan mace ce?

Duba sunan a bayan faifan mana. Sau da yawa ƙato ne mai gemu da ya horar da muryarsa ta sama, kuma lafiyarsa ƙalau. Kada ka haɗa shi da mawaƙan da ake dandaƙewa tun suna yara a Italiya, wannan al'ada ta daɗe da mutuwa. A cocin Thomas na Leipzig, inda Bach ya kama aiki a 1723, mata ba sa waƙa, yara maza na makarantar cocin ke ɗaukar muryar sama.

Dole sai na iya Jamusanci ko Latin?

Ba dole ba ne. Amma don Allah ka nemi fassarar ka karanta, ka daina kunna waƙar kana guga. A waƙar Bach ta shan wahalar Almasihu bisa Linjilar Matiyu, akwai wurin da Bitrus ya musanta Yesu sau uku, zakara ya yi cara, ya fita yana kuka mai zafi. Nan take sai goge guda ɗaya ya taso a hankali, murya ɗaya ta bi shi tana roƙon jinƙai, sauran masu goge suna raka su ƙasa-ƙasa. In ba ka san abin da ya faru ba, daɗin sauti kawai za ka ji, rabin aikin ya wuce ka.

To wane faifan wannan waƙar ta Matiyu zan fara da shi?

Nan kam amsar ba ta yankuwa da wuƙa ɗaya. Ya danganta da kunnenka, da haƙurinka, da abin da kake saurare da shi.

Akwai tsohon salo: mawaƙa masu yawan gaske, kayan kiɗa na zamani, tafiya a hankali. Jagoran makaɗa Karl Richter ya ɗauki nasa a Munich a 1958. Na Otto Klemperer, da aka ɗauka a Landan a farkon shekarun 1960, ya haura awa uku da rabi. Wasu suna jin girma da natsuwa a ciki, wasu barci yake sa su. Duka biyun na fahimce su.

Sai masu bin kayan kiɗa irin na da: goge mai tsarkiyar hanjin tumaki, sarewar katako, mawaƙa kaɗan. Harnoncourt na cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya, John Eliot Gardiner da Masaaki Suzuki na Japan suka bi ta. Na Gardiner bai kai awa uku ba, kalmomin suna fita tsaf, ko da yake a wasu wurare saurin kan rage wa baƙin cikin nauyi. Na Suzuki ya fi mini natsuwa. Ra'ayina ne, ba doka ba.

Akwai kuma rukuni na uku. A farkon shekarun 1980 Joshua Rifkin ya kawo hujjar cewa mawaƙi ɗaya Bach ke sa wa kowace murya, kuma har yau masana ba su daina jayayya a kai ba. Paul McCreesh ya ɗauki waƙar a haka. Za ka ji kowane layi daban, amma inda taron jama'a ke ihun a gicciye Yesu, mawaƙa takwas kacal da ke wannan salon ba lallai su firgita ka ba.

Shawarata, in har shawara ce: saurari waƙar buɗewa kaɗai a faifai uku, ɗaya daga kowane rukuni. Ƙungiyoyin mawaƙa biyu ne a ciki, ɗaya tana kira, ɗaya tana jefo gajerun tambayoyi, sannan wata muryar sama, galibi ta yara, ta ratso kansu da tsohuwar waƙar coci. Faifan da ka iya rarrabe ukun nan a cikinsa ba tare da ka ƙosa ba, shi ne naka, aƙalla a yanzu, don kunne yana canzawa. Sa abin saurare a kunne, lasifikar waya cakuɗa su take yi. Kuma ba sai ka kashe kuɗi tun farko ba, Ƙungiyar Bach ta Netherlands ta ɗora nata kyauta a YouTube.

Faifaina yana ƙasa da sautin fiyano. Ya lalace ne?

Kwantar da hankalinka, bai lalace ba. Masu kayan kiɗan da sukan daidaita sautin da ake kira A a kan girgiza 415 a daƙiƙa, fiyano kuwa yana kan 440. Rabin mataki ne tsakaninsu.

Messiah na Handel, wato waƙarsa kan Almasihu, a coci aka fara rera shi, ko?

A'a. A zauren kiɗa ne a Dublin, cikin Afrilun 1742, don tara kuɗin taimako. Kuma Halleluya ɗin da kuka sani ƙarshen kashi na biyu ne, akwai na uku a gaba. Ku daina kashewa a nan.