Yunwa ba ta gyara jiki, wahalar da shi take yi

Wallahi abin nan yana damuna, mutum ya tsaya gaban madubi ya matsa tumbinsa ya ji haushin kansa, sai kawai ya ce daga yau na daina cin abincin safe, wai shi ne kula da jiki. Da yawa an ɗauka in ka kasa jure yunwa to kai ne ragon, kwaɗayi ya yi maka yawa. Ba haka ba ne fa.

Jiki bai san kana son rage ƙiba ba, shi dai gani yake fari ya zo, sai ya rage ƙona abin da ka ci, sinadarin girelin mai tayar da yunwa ya ƙaru, shi ya sa da dare za ka tsinci kanka a kicin a tsaye kana ci ba ji ba gani, gari ya waye kana zagin kanka.

A 1944 zuwa 1945 jami'ar Minesota a Amurka ta gwada wannan a kan maza 36 masu ƙoshin lafiya, aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida. Ba su da zance sai na abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi, ga saurin fushi, da aka sake su kuma wasu suka dinga ci ba ƙaƙƙautawa.

Ni dai shawarata ka ci a kan lokaci, ka zauna ka tauna a natse, ka samu barci isasshe, in kuma abinci ya fara ba ka tsoro don Allah ka je ka ga likita.