Waiwaye: yadda aka soma auna ingancin jinyar ciwon kunne a Amurka

Maganar a bi sawun aikin likita ta daɗe. Tun wajen 1910 wani likitan fiɗa a Boston, Ernest Codman, ya dage a riƙa bibiyar kowane majinyaci bayan an sallame shi, a ga ko aikin ya yi amfani. Abokan aikinsa ba su so zancen ba, a 1914 ya bar babban asibitin Massachusetts. Sai a 1966 Avedis Donabedian na jami'ar Michigan ya kasa inganci gida 3: kayan aiki da ma'aikata, abin da aka yi wa majinyaci, da kuma yadda ya ƙare.

A ɓangaren kunne, rigimar ta taso ne daga wani ɗan bututu da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A 1954 Beverly Armstrong ya farfaɗo da dabarar huda dodon kunne a sa bututun, iska ta shiga, ruwan da ya taru a ciki ya bushe. Kan ka ce kwabo, ta zama ɗaya daga cikin fiɗar da aka fi yi wa yara. Wani bincike na 1994 ya duba yaran da aka nemi a sa musu, ya tarar kusan kashi 1 cikin 4 ba su da dalili ƙwaƙƙwara. Daga baya binciken Jack Paradise a Pittsburgh ya nuna gaggauta sa bututun bai ƙara wa yaron da ba shi da wata matsala sai ruwan kunne kaifin magana ko karatu ba.

Daga nan ƙa'idoji suka biyo. A 2004 aka yarda likita ya jinkirta antibayotik kwana 2 zuwa 3 ga wasu yara masu ciwon kunne, abin da likitocin Holan suka daɗe suna yi. A 2006 ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta ce ciwon ramin kunne na waje maganin ɗigawa yake so, ba na sha ba. A 2013 kuma ta ce kada a sa bututu don ruwan da bai kai wata 3 ba, kuma a gwada jin yaro tukuna.

Waɗannan ne aka mayar ma'auni: majinyata nawa aka ɗiga wa magani, nawa aka ɗora wa ƙwaya ba gaira ba dalili. Abin lura, yawancinsu ƙirga abin da likita ya rubuta a fayil suke, domin shi ke da sauƙin ƙirgawa. Ko yaro na jin malami daga bencin baya bayan wata 6, wannan sai an nemo uwarsa an tambaye ta.

Kuma ma'aunan sun fi karkata ga matsalar yawan magani. Kunnen da ya shekara yana zubar da mugunya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2004 yana damun mutum miliyan 65 zuwa 330, galibi a ƙasashe matalauta, bai samu irin wannan ƙirga ba.